Sare itace a tsakar gida: daga gane irinsa har zuwa haƙe kututture

A gidanmu na gado da ke cikin unguwar Birni a Zinder akwai wani itacen bedi da aka sare sau biyu yana dawowa. Saran farko ya bar kututture mai tsayin gwiwa, kuma kafin damina ta ɗauke ya fitar da toho fiye da goma, kowanne yana neman zama uwa. A karo na biyu mai saran ya yanke shi daidai da ƙasa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, sai itacen ya ɓullo ta saiwa a gindin katangar maƙwabci, wanda ya aiko ɗansa da saƙon cewa baƙonmu ya iso wurinsu. Sai a karo na uku ne aka yi aikin bisa tsari, kuma abin da na koya a lokacin shi ne tushen wannan jagora. Itatuwan da suka cika gidajen Damagaram su ne waɗanda suka fi ƙarfin akuya, suka fi ƙarfin fari, suka kuma fi ƙarfin gatari, don haka halin da ya sa suka yawaita kusa da mu shi ne yake sa raba su da gida ya yi wuya.

Yadda suka shigo gidajenmu

Ruwan da ke sauka a Zinder bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 a shekara ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. A gari mai duwatsu irin wannan, inda ruwan sha kansa ya daɗe yana wahalar da jama'a, tsakar gida ta fi daji laima nesa ba kusa ba, saboda ruwan wanka da na wanke-wanke da na alwala kullum suna shiga ƙasa, ga taki daga turken dabbobi, ga katanga tana kare tsiro daga bakin akuyar waje. Duk irin da ya faɗo a irin wannan wuri ya samu gata.

Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya, baƙo ne daga ƙasar Indiya da maƙwabtanta. A zamanin mulkin mallaka aka shigo da shi Afirka ta Yamma, ya isa Barno a 1928, daga nan ya bazu cikin ƙasar Hausa. Bayan babban farin farkon shekarun 1970 hukuma ta rungume shi sosai: tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a Nijar, kuma a shekarar ce aka fara jera bedi a kwarin Majiya da ke jihar Tawa domin tare iska. An zaɓe shi ne saboda yana girma da sauri, ba ya rasa inuwa a tsakiyar bazara, kuma ɗacin ganyensa yana sa dabbobi su ƙyale shi muddin suna da wani abin ci. Amma yawancin bedin da ke tsiro a lungunan gidaje yau ba wanda ya dasa su. Jemagu da tsuntsaye ne ke shanye zaƙin ƴaƴan su yar da ƙwallon a ƙarƙashin inda suke sauka, shi ya sa ake ganin tsironsa a jere a gindin katanga, da ƙarƙashin wayar wuta, da bayan ɗakin girki.

Cediya da durumi hanyarsu biyu ce. Ana sare reshe a kafa shi a ƙofar gida domin inuwar zaman hira, ya kama ba tare da wahala ba, sannan tsuntsun da ya ci ƴaƴan cediya ko na ɓaure yana iya kashayar da irin a tsagar soro ko a bakin indararo, ya tsiro a can sama inda ido ba ya kaiwa. Kurna da magarya da aduwa kuwa yara ne manyan masu shuka su, domin duk inda aka tsotse aka tofar da ƙwallo nan ne gonarsu. Gawo da ƙayar nan ta baƙunta da ma'aikatan gandun daji ke kira furosofis, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, ta cikin dabbobi suke tafiya: akuya ta ci kwanson, irin ya fito cikin kashinta da ɓawonsa ya yi laushi, ya tsiro a turke ko a inda aka zuba taki. Itacen turare daga Ostireliya aka kawo shi, kuma da hannu ake dasa shi saboda miƙaƙƙun sandunansa. Tumfafiya iska ce ke ɗaukar irinta mai kama da auduga, ta sauke a kango ko a filin da aka fara gini aka bari.

Sanin hanyar shigowa yana da amfani a aikace, domin ƙwallon bedi makonni kaɗan yake yi ya mutu idan bai tsiro ba, alhali irin furosofis yana iya kwana shekaru cikin ƙasa yana jiran ruwa. Wanda ya kawar da bedi zai yi fama da saiwa, wanda ya kawar da furosofis zai yi fama da saiwa da iri gaba ɗaya.

Kafin a ɗauki gatari

Matakin farko shi ne a tabbatar da laifin da ake tuhumar itacen da shi. A ganina rabin itatuwan da ake sarewa a cikin gari ba su ci a sare su ba, sassaka kawai suke buƙata, kuma duk wanda ya zauna a tsakar gidan da ba inuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da ya yi asara. Idan katanga ce ta tsage, a tona rami ɗan siriri a gindinta ta ɓangaren itacen a duba ko da gaske akwai saiwa mai kauri da ta shige ƙarƙashi, domin sau da yawa ruwan indararo ne ke cin gindin ginin ƙasa, itacen kuwa yana tsaye kusa ne kawai ya ɗauki laifi. Ana iya shafa ɗan siminti a kan tsagar a sa ido na wata biyu ko uku. Idan shafen ya tsage, ginin yana ci gaba da motsi. Haka nan idan saiwa ta shiga tiyon ruwa ko ramin masai, yawanci yoyo ne ya kira ta, kamar yadda ake cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma idan ba a gyara yoyon ba, itacen maƙwabci zai gaji wurin.

Inda saiwa ɗaya ko biyu ne ke ɓarna, ana iya haƙa rami mai zurfin kamar mita 1 tsakanin itacen da ginin, a datse saiwoyin da zarto, a jera tsohon kwano ko a zuba siminti a tsaye, sannan a mayar da ƙasa. Sharaɗin shi ne kada ramin ya matso gindin fiye da ninki biyar na kaurinsa, domin itacen da aka yanke wa manyan saiwoyi ta gefe guda a kusa da gindi shi ne iskar farkon damina take kayarwa. Amma akwai yanayin da sarewa ta zama dole: gindi ya yi kogo, gara ta cinye cikinsa, ya fara karkata zuwa ɗakin kwana bayan da yana tsaye, ƙasa ta ɗaga ta bayan karkatar, ko kuma cediya ta kama jikin soro ko bakin rijiya.

Mataki na biyu shi ne izini, kuma izinin kashi uku ne. Na farko na masu haƙƙi: a gidan gado a sanar da dukkan magada, a gidan haya a nemi yardar mai gida, kuma itacen da ke kan iyaka a zauna da maƙwabci tun kafin a kira mai sara, in da hali a gaban mai unguwa. Na biyu na hukuma. Tun dokar gandun daji ta 1974 aka keɓe wasu itatuwa da ba a taɓa su sai da takarda, cikinsu har da gawo, kuka, tsamiya, giginya, goruba, aduwa, ɗorawa, kaɗanya da maɗaci, kuma doka mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 da ta maye gurbinta ta ci gaba da wannan kariya. Ga mutanen Damagaram wannan ba sabon abu ba ne, domin har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya ɗora wa mai saran gawo a ƙarni na 19. Kasancewar itace cikin katangar mutum bai isa hujjar tsallake ofishin gandun daji ba. A je a faɗi irin itacen da dalilin sarewa, a karɓi takarda, a kuma tambaya ko ana buƙatar wata takardar idan za a fitar da itacen a amalanke zuwa kasuwa. Itacen da ke bakin titi kuwa, ko da mahaifin mutum ne ya dasa shi, sai an bi ta ofishin magajin gari. Na uku shi ne wayar wuta: idan reshe yana taɓa ta ko zai iya faɗa mata, a sanar da Nijelek, kamfanin wutar lantarki, a jira su yanke wutar, domin ɗanyen reshe yana ɗaukar lantarki, haka ma tsanin ƙarfe.

Sai zaɓen lokaci. Sara yana son safiya mai sanyi wadda iska ta kwanta, don haka a kauce wa ranakun da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi, da kuma yammacin farkon damina da hadari ke tasowa ba sallama. Haƙar kututture kuwa tana son ƙasa mai laushi. Tsarin da na ga ya fi sauƙi shi ne a sauke rassa da gangar jiki a ƙarshen rani kafin guguwar farko, a bar haƙa sai ruwa ya jiƙa ƙasa sau biyu ko uku.

Ƙananan tsiro

Wanda bai wuce kaurin yatsa ba a tumɓuke shi da hannu washegarin ruwa, a riƙe shi daga can ƙasa a ja a hankali domin saiwar ta fito gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya tsiro a jikin soro kada a fizge shi, domin zai zo da yaɓe. A yanke shi, a ƙwaƙule saiwar da wuƙa ko ƙaramin ƙarfe iya inda hannu ya kai, a toshe ramin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Tumfafiya tana buƙatar kiyayewa ta musamman, domin farin ruwanta idan ya shiga ido yana dusashe gani na kwanaki; a sa tabarau, kada a shafa fuska da hannu, kuma idan tsautsayi ya faru a wanke idon da ruwa mai tsabta mai yawa na tsawon mintoci a wuce likita.

Sauke babban itace

Kayan aikin su ne gatari mai kaifi wanda ƙotarsa ba ta girgiɗi, adda, zarto, igiyoyi biyu masu ƙarfi, tsani, diga, shebur, da takalmi mai rufi, musamman inda akwai ƙaya. Zarto mai inji a bar shi ga wanda ya saba da shi. Mutum uku ne mafi ƙaranci: mai sara, mai riƙon igiya, da wanda aikinsa kawai tsare ƙofa da ido a kan yara. A kwance dabbobi a kai su wani gida, a kwashe tuluna da randuna, a rufe bakin rijiya. Kafin a hau, a ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari. Amsa mai kama da ta ganga alamar kogo ce, kuma irin wannan itace ba a hawansa, ba a kuma dogara da shi ya faɗi inda aka nufa. A ɗaga kai a duba saƙar zuma da gidan rina, a kuma leƙa kogon da sanda saboda maciji.

A yawancin gidajen Birni da Zango babu filin da za a kayar da itace gaba ɗaya, don haka guntu-guntu ake sauke shi. Ana farawa da ƙananan rassan ƙasa domin a buɗe hanyar da na sama za su bi, sai dai a bar ƴan dungu a jiki inda mai hawa zai taka. Shi mai hawan ya ɗaure ƙugunsa da igiya a jikin gangar, kuma kada ya tsaya a kan tsani yana saran reshen da tsanin ya jingina da shi, kuskuren da yake kama da abin dariya amma yana karya mutane. Kowane babban reshe yanka uku yake so. Na farko daga ƙasan reshen, kamar santimita 30 daga gangar jiki, a shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan da na farko, har reshen ya karye. Na uku shi ne cire dungun da ya rage. Amfanin yankan ƙasa shi ne ya hana reshen ya tsage ya yi lilo da ɓawo ya dawo ya bugi mai sara ko bango. Reshen da ke kan rufin ɗaki a ɗaure shi tun kafin yanka, a ratsa igiyar ta wata gwafa mai ƙarfi da ke sama da shi, mai riƙo ya naɗa ƙarshenta sau biyu a jikin wani gindi ko turke, ya riƙa saki kaɗan-kaɗan. Kada ya kuskura ya naɗa ta a hannunsa ko a ƙugunsa, domin ɗanyen reshen bedi ko na mangwaro ya fi yadda ido ke ƙiyasta nauyi. Gara a yi guntaye goma ƙanana da a yi uku manya. Turare kuma a yi masa kaffa-kaffa, saboda reshensa yana ɓallewa ba gargaɗi.

Inda akwai fili, kamar a sabbin unguwannin bayan gari ko a garka, ana iya kayar da shi a tsaye. A fara auna tsawonsa: a kafa sanda a rana, lokacin da inuwarta ta yi daidai da tsawonta, inuwar itacen ma ta yi daidai da tsawonsa, sai a auna ta da taku. Duk wanda ba ya cikin aikin ya tsaya nesa da ninki biyu na wannan tsawo. A zaɓi ɓangaren da itacen ya riga ya karkata ko nauyin rassansa ya rinjaya, domin jayayya da karkatar babban itace da igiya kaɗai ba ta cika yin kyau ba. A share hanyoyin gudu biyu ta baya, kowace a karkace, ba daidai bayan gindin ba. Sai a sara baki a ɓangaren da ake so ya faɗi, mai zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindin, ƙasansa a shimfiɗe, samansa a gangare. Daga nan a koma baya a yanka a shimfiɗe, sama da ƙasan bakin da kamar yatsu biyu, a tsaya kafin yankan ya haɗu da bakin, a bar tsiri mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na gindin. Wannan tsirin shi ne linzamin itacen, shi ke riƙe shi ya kwanta inda aka nufa, kuma wanda ya yanke shi duka ya saki ragama. Igiyar ja ta fi itacen tsawo sosai domin masu ja su kasance wajen inda zai faɗi. Da an ji ƙara ta farko, mai sara ya ajiye gatari ya bi hanyarsa ba tare da ya tsaya kallo ba.

Abu ɗaya da masu sara ba su cika yi ba sai an gaya musu: idan ana da niyyar haƙe kututturen, a bar masa tsayin ƙirji. A ce wa mai aikin tun farko, "Malam, ka bar mini gindin zuwa nan," a nuna masa da hannu, domin shi a wurinsa saran ƙasa-ƙasa shi ne gwaninta, alhali dogon gindi shi ne abin da za a kama a girgiza a lokacin haƙa.

Kututture

A nan ne yawancin mutane suke sakin aiki. Wanda yake shakkar ƙarfin kututture ya dubi gonakin Magariya da Matamaye da Mirya, inda tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututtura da saiwoyi suna gyara shi, har aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a kudancin Nijar ta wannan hanya. Abin da ya zama arziki a gona shi ne ciwon kai a tsakar gida.

Irin itacen shi ke nuna yawan wahalar. Giginya tana mutuwa da zarar an cire kanta. Dabino uwar tana mutuwa amma ƴaƴan da ke gindinta suna ci gaba, goruba kuma tana komawa kaba ta yi ta fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Zogale yana toho da sauri amma saiwarsa mai taushi ce, diga ɗaya ta ishe shi. Mangwaro yana toho a jikin kututture kawai. Masu taurin kai su ne bedi, turare, cediya, magarya da furosofis.

Hanya mafi tabbas ita ce haƙa. A tona rami kewaye da gindin, nesa da shi da kamar taku ɗaya, a bi kowace saiwa a share mata ƙasa, a yanke ta wuri biyu a cire guntun tsakiya domin a samu wurin ci gaba da tono. Ƙasa tana dakushe zarto, saboda haka tsohon gatari ya fi dacewa da wannan aiki. Bayan an gama da saiwoyin gefe, a kama dogon gindin a girgiza shi gaba da baya. Inda ya ƙi motsi nan ne sauran saiwa take. Ta ƙarshe ita ce uwar saiwa da ta nutsa tsaye, wadda za a kwantar da kututturen gefe a sare ta. Ga furosofis da magarya dole saran ya kai aƙalla santimita 30 ƙarƙashin ƙasa, domin idanun toho suna taruwa ne a wuyan saiwa. Ga bedi kuma a bi manyan saiwoyin gefe a zaro su iya iyawa, tun da ta nan namu ya tsallaka gidan maƙwabci. A tuna da inda tiyon famfo ya bi kafin a kai diga, kuma idan ramin zai kai gindin katangar ƙasa a dakata, a koma hanya ta biyu.

Hanya ta biyu ita ce kashe shi da yunwa. Saiwa tana rayuwa ne da abincin da ganye ke aika mata, kuma duk tohon da ta fitar daga ajiyarta take ciyar da shi. Idan aka yanke kututturen ƙasa-ƙasa, aka ɓare ɓawonsa har cikin ƙasa, aka kife masa rabin tano ko aka lulluɓe shi da baƙar leda mai kauri aka danne da duwatsu, sannan aka riƙa karye duk tohon da ya leƙo tun bai buɗe ganye ba, ajiyar za ta ƙare. Wannan yana iya cin shekara ɗaya ko biyu, kuma sakacin wata guda a cikin damina yana mayar da aiki baya, saboda haka a ɗora wa mutum ɗaya alhakin dubawa kowace Juma'a. A karkatar da ruwan wanke-wanke daga wurin.

Hanya ta uku ita ce maganin kashe ciyawa mai sinadarin gilifosat, kuma ina ambatonta ne domin ana yin ta, gara a yi ta daidai. A sayi mai cikakkiyar takarda a jiki, daga cikin waɗanda kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan gona ya amince da su, ba wanda aka ɗura a kwalbar lemo ba. Ana shafa shi da buroshi a kan sabon yanka cikin mintoci kaɗan da sarewa, a zoben da ke ƙarƙashin ɓawo, domin nan ne hanyar da ke kai shi saiwa. Tsakiyar gindin ba ta ɗaukar komai. Kututturen da ya kwana sai an sake yanke samansa. A sa safar hannu, a rufe wurin daga yara da kaji da awaki, kada a yi a ranar da ake sa ran ruwa, kada kuma a yi kusa da rijiya. Idan akwai itace irinsa a kusa wanda ake so, ko na maƙwabci, a haƙura da wannan hanya, domin saiwoyin itatuwa iri ɗaya sukan manne da juna a ƙarƙashin ƙasa, maganin ya tsallaka.

Akwai dabarun da ake yawan ba da shawararsu waɗanda ban yarda da su ba. Gishiri da kanwa suna iya raunana kututture, amma suna kashe ƙasar wurin na shekaru, kuma gishirin yana hawa jikin ginin ƙasa ya riƙa marmashe shi. Baƙin man mota da ruwan batir guba ne da ke bin ruwa zuwa rijiya. Ƙona taya a kan kututture hayaƙinsa cuta ne ga duk unguwa, kuma ɗanyen gindi sama-sama yake ƙonewa ya sake toho. Ko busasshen kututture ne, wuta tana iya bin saiwa a ɓoye kwana da kwanaki ta ɓullo kusa da zana ko rumbu. Ɓare ɓawo zobe guda a bar itace ya bushe a tsaye kuwa dabarar gona ce. A cikin gida tana nufin a zauna ƙarƙashin matattun rassa ana jiran ranar da za su faɗo, kuma bedi yakan yi toho ta ƙasan zoben.

Bayan an gama

Ramin a cike shi kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, kuma kada a mayar da guntayen saiwa da ɓawo ciki, domin abincin gara ne, kuma garar da ta gama da su azarar ɗaki za ta nufa. Saiwoyin da suka rage a ƙasa za su ruɓe a hankali wurin ya lotsa, saboda haka wanda yake son yin gini ko daɓen siminti a nan ya bari damina ɗaya ta wuce, ko ya tona har ya tarar da ƙasa mai tauri.

Itacen da aka sauke dukiya ne, kuma ya kamata a yi maganarsa a cikin ciniki tun farko, a san ko na mai gida ne ko yana cikin ladan mai sara. Gangar bedi gara ba ta cika damunta ba, tana yin turaku da kujeru da ƙotoci, busasshen ganyensa kuma ana sa shi cikin hatsi da tufafi saboda ƙwari. Sandunan turare suna yin rumfa. Furosofis yana ba da gawayi mai kyau, amma a tattara ƙayarsa a ƙone a fili, domin tana huda takalmi da tayar babur, kuma a kwashe kwansonsa kada awaki su ci su sake shuka shi a turke. Rassan cediya da durumi kada a jingine su a ƙasa mai laima, za su kama.

Idan za a maye gurbinsa, manyan masu inuwa irin su bedi da mangwaro a ba su aƙalla mita 6 zuwa 8 daga gini da rijiya da masai, cediya da durumi da turare kuwa fiye da haka, wanda a ƙaramin gida yana nufin wurinsu ƙofar gida ne ko garka. A tsakar gida mai ƙunci lemun tsami, gwaba, rumman, lalle da zogale sun fi dacewa, kuma a ɗan gusa daga tsohon ramin kafin a dasa. Sannan a damina biyu masu zuwa, mako guda bayan kowane ruwa mai ƙarfi, a zaga gindin katanga da bayan ɗakuna da kan soro ana tumɓuke abin da ya tsiro. Tsiron da ya fito da sauƙi da ƴar saiwarsa daga iri yake; wanda ya ƙi fitowa, aka tona aka tarar yana manne da wata saiwa mai kauri a kwance, daga tsohon itacen yake, sai a bi saiwar da diga a datse ta a zaro.